Kifin Ƙarya a Ruwan Bazara

Masu iya magana sun ce kifi a ruwa sarki ne. To amma ba su faɗa mana yadda sarautar tasa take kasancewa ba idan ruwan ya janye ya koma iya gwiwa. Wannan kuwa mu mutanen ƙasar Gaya da Ajingi muna ganinsa kowace shekara daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da hunturu ya tattara ya-nasa-ya-nasa, bazara ta kankama, zafi ya kan kai 40 a ma'auni. A lokacin ne rassan kogi suke tsinkewa su bar gurabe da tafkuna nan da can, kifin da ya yi ta fantamawa cikin fadama da damina ya taru wuri guda kamar 'yan gudun hijira. A kan wannan ruwa muke so mu tattauna da mai karatu, da kuma wani baƙo da ya shigo cikinsa a 'yan shekarun nan, wato ɗan kifin roba mai ƙugiya a ciki, wanda dattawanmu suka laƙaba wa suna kifin ƙarya.

Ga wanda bai san yankin ba, uwar ruwanmu ita ce Kogin Wudil. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso Wudil, su zama kogi ɗaya wanda littattafai suke kira Kogin Haɗejiya. Ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya yi saura ya bi Komadugu Yobe ya tafi Tafkin Cadi. Ko ɗigo ɗaya na wannan ruwa ba ya zuwa teku. Garin Gaya kansa ba a bakin kogi yake ba, abin da yake da shi kududdufai ne da 'yan fadamu, saboda haka yaron Gaya da yake son kifi na gaske sai ya niƙi gari ya nufi arewa wajen 'yan uwansa na Ajingi, ko yamma wajen Wudil.

Abin da Gaya take tinƙaho da shi tun fil azal shi ne ƙira. Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya je Dutsen Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsa Abagayawa. Ba mamaki ke nan da ƙugiyar farko da muka riƙe a maƙera aka lanƙwasa mana ita daga wayar ƙafar keke. Mu sami sanda doguwa, mu ɗaura zare, mu tsinko totuwar kara mu ɗaura a tsakiya domin ta nuna mana in kifi ya taɓa, shi ke nan fatsa ta haɗu. Abin da muke sa wa ƙugiyar kuwa duk mai rai ne ko mai ƙamshi: tana daga gindin randa, gara daga suri, fara, hanjin kaza, wani lokaci curin tuwo da aka murje da ƙuli-ƙuli. Babu wanda ya taɓa raya mana cewa kifi zai kai baki ga abin da ba ya ciyuwa.

Fatsa dai wasan yara ce. Su na gaskiya na manya ne, kuma yana da doka. Idan ruwa ya tsinke, akwai guraben da Sarkin Ruwa yake hana shiga, ba wanda zai jefa birgi ko ya kafa kalli a cikinsu sai ranar da aka sa. Ranar kuwa sai ka ga an fito ƙwai da kwarkwata, kowa da komarsa biyu da gorarsa, a jeru a bakin ruwa ana jiran izini, kamar dai yadda ake gani a bikin Argungu wanda aka fara a 1934, sai dai namu babu gwamna babu 'yan jarida. Akwai kuma gurbi mai zurfi da ko ranar su ba a cika matsa masa ba. Yara an ce musu akwai mutanen ɓoye a ciki. Da muka girma muka gane abin da yake ciki: iri ne. Yadda manomi yake ware damin gero mafi kyau ya rataye a rumbu ba a taɓa shi ko da yunwa ta yi tsanani, haka masunta suke barin wani ruwa domin kifin baɗi.

Kifin ƙarya ya iso mana ne a jakar wani matashi da ya yi shekaru yana neman kuɗi a Legas, inda ya ga wasu suna jefa shi a ruwan Ikko. Abu ne kamar tsawon yatsa, bayansa kore, cikinsa fari fat yana walƙiya, da idanu biyu da ɗan leɓe a gaba, da ƙugiyoyi masu baki uku-uku suna reto a ƙarƙashinsa. Ya zo da sanda mai lanƙwasa da wani kwarkwaro mai mariƙi da yake naɗe zare. Da ya fito da su a bakin gurbi, sai wani tsohon masunci ya karɓi kifin ya jujjuya, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, "Kai yaro, wannan ko ƙarni ba ya yi. Kifin Ikko ne ba su da hanci, ko kuwa hankali ne ba su da shi?" Yaron ya ce, "Baba, ai ba a ajiye shi ake yi ba, tafiya ake sa shi." Tsohon ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, mu ma 'yan kallo ne." Kwana uku yaron nan yana jifa yana naɗewa tun hantsi har azahar, ko ƙurungu bai kama ba. Yara suka mai da shi abin tsokana.

Kafin mu faɗi yadda aka ƙare, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan abu yana da asali, kuma asalin nasa na talaka ne. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya lura cewa babban kifi in ya afka cikin garken ƙanana, wanda yake tangaɗi saboda rauni shi yake ɗauka. Sai ya sassaƙa ɗan kifi da wuƙa daga toshiyar kwalba, ya naɗe shi da takardar azurfa ta alewa, ya narka tsohon fim na hoto ya shafe shi domin kada ruwa ya shiga, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi kamar mai rauni. Don ya ciyar da iyalinsa ya yi, yau kuma sunansa, Rapala, yana kan kifayen roba a kasuwannin duniya. Akwai kuma wani iri da ake kira cokali, ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da yake juyawa yana walƙiya cikin ruwa, wanda Amurkawa suke ƙerawa tun ƙarni na 19.

Daga cikin wuraren da wannan sana'a ta fi bunƙasa akwai tafkunan bakin teku na Amurka, irin su Laguna Madre a jihar Teksas da Indian River a jihar Fulorida. Ruwa ne na gishiri wanda tudun yashi ya raba shi da teku, shimfiɗaɗɗe, mara zurfi. Laguna Madre zurfinsa a yawancin wurare bai wuce kimanin mita 1 ba. Idan sanyi ya wuce a watannin Maris da Afrilu, ruwan ya yi ɗumi, sai ƙananan kifaye da jatan lande su cika ciyawar ƙarƙashin ruwa, manya su biyo su. Mai kamu ya shiga da ƙafa ko ya tura ɗan jirgi da gora, ya hango kifin da idonsa tukuna, sannan ya jefa masa kifin roba a gabansa. Tsakaninmu da teku mafi kusa akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, amma da muka ji wannan bayani sai muka ga kamar ruwanmu ake siffantawa. Bambancin shi ne, teku tana cika tana janyewa kullum, mu kuwa ruwanmu sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya yake janyewa. Kifinsu yana zuwa ruwa mara zurfi ne don ganin dama, namu kuwa dole ce ta tsare shi a can.

A rana ta huɗu tsohon nan ya ji tausayin yaron. Ya ce masa, "Ɗana, ban san kifinka ba, amma na san ruwan nan. Gobe ka same ni bayan sallar asuba." Ya kai shi inda wata 'yar ƙorama take zubowa cikin gurbin, ya sa shi ya tsugunna domin kada inuwarsa ta faɗa ruwa, ya ce ya jira har ya ga kawara suna tsalle suna watsewa kamar an watsa tsakuwa. "In ka ga haka, akwai mai korarsu. Jefa can gaba da su, ka jawo ta gefen bado." Jifa ta biyu sandar ta lanƙwashe. Tsage ne, mai haƙora kamar zarto, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Tsohon ya dube shi ya dubi kifin roba, ya ce, "Ashe ƙarya ma sai da ilimi."

Wannan magana ita ce kan zancenmu. Tana da hanjin kaza suna yi wa mai fatsa rabin aiki, domin ƙamshinsu yana kiran kifi ko da mutum yana gyangyaɗi. Kifin roba kuwa ba ya kiran kowa. Dole mai shi ya san inda babban kifi yake kwanto, da lokacin da yake farauta, da irin tafiyar da za ta ruɗe shi. Dole ya san cewa ruwan bazara in rana ta take ya kan yi zafi, kifi ya lafe a ƙasa ba ya kula komai, don haka kamu na sassafe ne da na gab da magariba. Dole ya san cewa kifi yana da wani layi a gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa ko da bai ga abin da ya motsa ba, shi ya sa takun ƙafa mai nauyi a bakin gaɓa yake korarsa, shi ya sa kuma a ruwa mai laka cokali mai kaɗawa ya fi kifin roba mai kyan launi. Duk wannan sani yana kan tsofaffin masunta, ba a rubuce yake ko'ina ba, kuma samari sun daɗe da daina tambayarsa. Abin mamaki, baƙon roba ne ya sa wasunsu suka koma suna durƙusawa gaban dattawa suna cewa, "Baba, ina giwan ruwa yake kwana?"

Har ila yau, ba kowane kifi ne yake cin wannan ƙarya ba. Masu cin ta su ne mafarauta: tsage, da giwan ruwa in an dace da shi, da tufi mai laɓewa cikin ciyawa, wani lokaci ragon ruwa ko babbar tarwaɗa in an jawo abin a hankali kusa da ƙasa. Tarwaɗa dai da gashin bakinta take laluben abinci, ta fi yarda da abin da ta ɗanɗana. Karfasa mai kiwon gansakuka ba ta cika waiwayarsa ba. Gaiwa kuwa a wannan lokaci ta riga ta shige laka ta lulluɓe kanta da majina tana jiran damina, sai dai a bi ta da fartanya. Ke nan abin da kifin ƙarya yake ɗauka kaɗan ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci wanda ya girma har ya iya haɗiye ɗan uwansa.

A nan ne maganar ta wuce wasa. Ruwan da muka gada ba shi ne a gabanmu yau ba. An gama Dam ɗin Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama na Challawa a 1992. Ba mai musun alherinsu: shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, da ruwan famfon birnin Kano, duk daga gare su ne. Amma sun canza numfashin kogi. Ambaliyar da take zuwa kan lokaci kowace damina, ta hau fadama, tarwaɗa ta bi ta ta zuba ƙwai cikin ciyawa, bargi ya yi sheƙarsa, ƙanana su girma kafin ruwa ya janye, yanzu ta ragu, ba ta da tabbas. Wata shekara ba ta hawa yadda ya kamata, wata shekara kuma ta zo da hauka ta ci gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a yankin Wudil a 2001. Ruwan da ake saki da rani kuma ya ba kachala damar kafuwa, har ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru. Tun da wurin haihuwa ya ƙuntata, kifin da ya tsira a gurbin bazara ya ƙara daraja, domin shi kaɗai ne zai haifi na baɗi.

To me muke yi wa wannan iri? Kowa ya sani, sai dai a ƙi faɗa. Gidan sauro da aka raba miliyoyinsa a jihar Kano tun daga 2009 domin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wasu sun ɗinke shi ya zama taru. In aka ja shi a gurbi ba ya barin komai, har 'ya'yan karfasa da uwarsu take goyo a baki. Mun ga an juye irin wannan kamu a kan yashi, abin da ya fi yawa bai kai ɗan yatsa ba, aka kwashe na kwashewa aka bar wa balbela saura. Wasu kuma da dare suke zuwa su zuba maganin ƙwari, irin su Gamalin 20 da aka yi don feshin koko, da safe kifi ya taso fari fat, babba da yaro, a kai kasuwa mutane su saya su ci, shanu su sha ruwan. Akwai dokar tarayya ta 1992 kan kamun kifi a koguna da tafkuna wadda ta haramta guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ƙananan idanu. Amma doka a takarda take, gurbi kuwa yana bayan gari, kuma bakin Sarkin Ruwa ba ya da kaifin da yake da shi a da.

Idan aka jera waɗannan kaya a gaban alƙali, gidan sauro da kwalbar guba da kifin roba, sai a tarar wanda ake kira maƙaryaci shi ya fi su gaskiya. Da rana tsaka yake aikinsa, kifi guda yake yaudara, ya ba shi zaɓi ya ci ko ya ƙi, in kuma ƙarami ne ya maƙale ana iya cire ƙugiyar a mai da shi ruwa da ransa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma mai kwaɗayin kaɗai yake kamawa.

Mun san abin da masunci mai iyali zai ce, kuma yana da gaskiya. Zai ce wannan wasan masu albashi ne. Shi yana da baki goma a gida, ba zai yini yana jifa don tsage biyu ba, ga kuɗin sanda da kwarkwaro, ga kifin roba guda in ya maƙale a saiwa an yi asara. Ba mu ce a ajiye birgi da kalli da mali ba, da su aka rene mu, da su kuma ake cika kwandunan kasuwar Wudil ranar Juma'a. Haka nan ba mu ce kifin roba zai dawo da ambaliya ba. Su kansu mutanen Fulorida, da suka kaɗa ƙuri'a a 1994 suka hana kafa kalli a ruwan jiharsu, suke kuma sakin yawancin abin da suka kama, ba su tsira ba: taki da ƙazantar gari sun gurɓata Indian River, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu, a watan Maris na 2016 kifaye suka taso matattu ba iyaka. Ashe in ruwa ya lalace, kyan ƙugiya ba ya ceton kifi.

Abin da muke cewa ya fi haka sauƙi. A Teksas, jan kifin nan da suka fi nema ba a ɗaukarsa sai tsawonsa ya kai inci 20, kuma guda 3 aka yarda mutum ya tafi da su a yini. Su da ma'auni da takarda suke yi, kakanninmu da gurbin da ba a shiga suka yi, amma hikimar ɗaya ce: a ci, a bar iri. Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai na Gaya da Ajingi su tsaya wa Sarakunan Ruwa, a ware gurbi ɗaya ko biyu a kowane yanki daga Maris har saukar ruwan sama, a ce ba taru ba kalli a cikinsu, sai ƙugiya kaɗai, kuma abin da bai kai tafin hannu ba a mai da shi. Yaro mai tana ya zo, saurayi mai kifin roba ya zo, tsoho ya zauna a inuwa yana nuna musu ruwa. Sauran gurabe a ci gaba da su kamar yadda aka saba, da raga mai idanun da doka ta yarda da su.

Maganar tsada kuma, ai garin maƙera muke. Tuni wasu yara suka fara yanke mariƙin tsohon cokalin shayi, su huda shi gaba da baya, su sa ƙugiya a ɗaya gefen da 'yar waya a ɗayan saboda haƙoran tsage, su naɗe zarensu a jikin gwangwanin madara maimakon kwarkwaro. Mun ga wanda ya sassaƙa nasa daga icce mara nauyi ya liƙa masa takardar cikin kwalin sigari. In maƙerin da ya lanƙwasa mana wayar keke ya sa hannu a wannan, ba sai an jira jakar mai dawowa daga Legas ba.

Bazara ba ta daɗewa. In aka ga shamuwa ta sauka a kan kuka, an san hadari yana hanya, gurabe za su sake haɗewa da kogi, abin da ya rage a cikinsu ya fita ya hayayyafa. Yawan abin da zai fita ɗin a hannunmu yake, mu da muke tsaye a bakin ruwan cikin waɗannan watanni uku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa jikokinmu su san ɗanɗanon giwan ruwa daga kogin garinsu, amin.